Daga Sunan Yanka Zuwa Sunan Zuri'a: Tasirin Rajista a Kudancin Birnin Kaduna

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, suna na mutum ɗaya ne, ba na gida ba. Ranar bakwai ake raɗa wa jariri sunan yanka, sannan sunan rana ko laƙabi ko na alkunya ya biyo baya. Idan ana son bambance shi da takwaransa, sai a jingina shi ga mahaifinsa ko garinsu ko sana'arsa. Jinginar ba ta ƙetare tsara guda: Audu ɗan Garba ne, amma ɗan Audu sunan Audu zai ɗauka, na Garba ya faɗi. Sunan da zuri'a ke gada baƙo ne, kuma takardun hukuma ne suka kawo shi.

Misalin Suwidin

Ba Hausawa kaɗai suka bi wannan hanya ba. Har ƙarni na 19, manoman ƙasar Suwidin da sunan uba suke amfani: ɗan Anders ya zama Andersson, 'yarsa ta zama Andersdotter, jikoki kuma su ɗauki wani. Da takwarori suka yi yawa a rundunar soja, sai hafsoshi suka riƙa laƙaba wa sojoji gajerun sunaye irin su Rask, wato mai hanzari, waɗanda wasunsu suka zama na gado. Dokar 1901 ce ta tsara yadda ake riƙe sunan zuri'a, sai sunayen uba da yawa suka daskare a inda ta tarar da su.

Makaranta da Masaƙa

A Arewacin Nijeriya, makarantar boko ce ta fara wannan aiki. Malamai sun bambance takwarori da sunan gari, shi ya sa aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wasu sunayen sun zama gado: laƙabin Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, har yau zuri'arsa na amsa shi, haka ma 'Yar'aduwa a Katsina.

A ƙetaren kogin Kaduna kuwa, masana'antu ne suka ɗora. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo, leburori daga sassan Arewa suka cika Kakuri da Maƙera da Nasarawa. Littafin albashi yana da gurbi biyu, na suna da na sunan zuri'a, don haka abin da ma'aikaci ya faɗa wa akawu ranar farko, ko sunan uba ne ko na gari, shi ya bi shi har ritaya.

Sunayen Hausa a Gidajen da Ba na Hausawa Ba

A Sabon Tasha da Narayi da Barnawa akwai Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi masu yawa, waɗanda Hausa ce harshen hulɗarsu. Kakanninsu da dama sun amsa sunaye irin su Ɗanladi da Ɗanjuma da Baƙo, ko kuma Ishaya da Bulus da Yohanna na Littafi Mai Tsarki, wanda fassararsa ta Hausa ta fito a 1932. Rajistar mishan ta mayar da irin waɗannan sunaye na gado. Sai ga wanda aka haifa ran Talata yana amsa Ɗanladi, domin sunan ya rabu da ma'anarsa ta asali. Saboda haka, ko bayan rikicin shekarar 2000 da ya sa mazauna birnin suka rarrabu zuwa tsallake biyu, irin wannan suna ba ya isa shaidar ƙabila ko addini.

Kammalawa

Tsarin biyu suna tafiya tare har yau, kuma karonsu yana da tsada. Wanda takardar firamarensa ke ɗauke da sunan uba, lambar BVN da sunan kaka, katin ɗan ƙasa da sunan gari, sai ya yi rantsuwa a kotu kafin a yarda mutum ɗaya ne. Magadan tsofaffin ma'aikata ma kan ci karo da haka wajen neman haƙƙin mamaci. Ya kamata manazarta su raba sunan uba mai sauyawa da sunan zuri'a mai dawwama, su kuma bi tsofaffin littattafan albashi da na baftisma, domin a cikinsu ne za a gano tsarar da kowane suna ya tsaya a kanta.