Ma'anar Alheri a Koyarwar John Wesley da Mabiyansa

Sa'ad da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshen Hausa a shekara ta 1932, kalmar da masu fassara suka ɗauka don ta tsaya a madadin kalmar Helenanci "karis" ita ce alheri. Zaɓin ya dace, amma yana da ɗan tarko. Bahaushe yakan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, watau hankalinsa yana kan mai yin alherin da abin da zai komo masa wata rana. Manzo Bulus kuwa, wanda ya fi kowa amfani da kalmar a cikin Sabon Alkawari, hankalinsa yana kan mai karɓa, da cewa bai cancanci abin da aka ba shi ba ko kaɗan. A Romawa 4:4 ya kawo misalin da kowane ma'aikaci zai gane: wanda ya yi aiki aka biya shi, hakkinsa aka ba shi. Ma'aikacin da ya karɓi albashinsa a ƙarshen wata ba ya cewa ma'aji ya yi masa kyauta. To, ceto a wurin Bulus yana ɓangaren kyauta, kuma a Afisawa 2:8-9 ya ƙara da cewa an tsara shi haka ne don kada wani ya sami abin fahariya.

Har nan babu gardama mai yawa tsakanin Kiristoci. Inda aka rabu shi ne a kan tambayoyi biyu: wa ake ba wannan kyauta, kuma wanda aka miƙa wa yana da ikon ƙin karɓa? Amsar da ɗarikar Metodis ta bayar ita ce ta bambanta ta da sauran, kuma ba za a fahimce ta ba sai an san mutumin da ya tsara ta.

An haifi John Wesley a garin Epworth na ƙasar Ingila a shekara ta 1703, ɗan limamin Ikkilisiyar Ingila ne, shi ma aka naɗa shi limami a 1728. A Jami'ar Oxford, daga 1729, shi da ƙanensa Charles da wasu abokai suka ɗaura wa kansu tsarin addu'a da azumi da ziyarar fursuna mai tsanani, har ɗalibai suka laƙaba musu sunan "Metodis" don ba'a, ma'ana masu yin komai bisa ƙa'ida. Duk da wannan himma Wesley bai sami kwanciyar rai ba. Ya tafi Jojiya a Amurka a 1735 don aikin bishara, ya komo a farkon 1738 da karyayyar zuciya. A daren 24 ga Mayu 1738, a wani ɗan taro a titin Aldersgate na birnin Landan, ana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta wa Wasiƙar Romawa, sai ya sami tabbacin cewa an gafarta masa saboda Almasihu kaɗai. Mutumin da ya shekara fiye da goma yana ƙoƙarin cancanta ya gane cewa kyauta ce. Cikin watan Yuni na shekarar ya tsaya gaban jami'arsa ya yi wa'azi a kan Afisawa 2:8.

Saboda haka kuskure ne a ɗauka, kamar yadda abokan gabansa suka sha faɗa, cewa Wesley ya koyar da ceto ta wurin ayyuka. Ya yarda da Agustin na Hippo, bishop ɗin Afirka ta Arewa da ya rasu a 430, cewa zunubin Adamu ya lalata ɗan'adam har ba ya iya ko juyowa wajen Allah da ƙarfin kansa. A wasiƙar da ya rubuta wa John Newton a 1765 ya ce a kan batun baratarwa ra'ayinsa ɗaya ne da na John Calvin. Amma fa idan mutum ba ya iya komai, kuma ga shi a zahiri waɗansu sun ba da gaskiya waɗansu ba su bayar ba, me ya raba su? Calvin, wanda ya rasu a 1564, ya ce Allah ne ya raba su tun fil'azal: ya zaɓi waɗansu, ya ba su alherin da ba ya kasa cika aikinsa, ya bar saura. Wani malamin ƙasar Holan mai suna Arminius ya ƙi wannan, kuma bayan rasuwarsa majalisar Dort ta 1618 zuwa 1619 ta yanke hukunci a kan mabiyansa. Wesley ya tsaya a gefen Arminius a fili, har mujallar da ya kafa a 1778 da sunan mutumin ya kira ta.

Mabuɗin amsarsa shi ne abin da za a iya kira alheri mai rigaya, watau alherin da yake rigan mutum motsawa. Koyarwar ita ce, ko da yake mutum a kan kansa matacce ne cikin zunubi, a duniyar nan babu wanda aka bari a kan kansa. Saboda mutuwar Almasihu, Ruhu Mai Tsarki yana aiki cikin kowane ɗan'adam tun kafin ya ji bishara, yana mayar masa da ɗan ikon da zai iya amsawa ko ya ƙi. Abin da mutane suke kira lamiri, wannan murya da take hana ɓarawo barci ko ba wanda ya gan shi, a wurin Wesley aikin wannan alheri ne, kuma ya faɗi haka a wa'azinsa na 1785 a kan Filibiyawa 2:12-13. Da wannan dabara ya riƙe igiya biyu a hannu ɗaya. Wanda ya tsira ba shi da abin fahariya, gama ko ikon cewa "na yarda" ba shi aka yi. Wanda ya hallaka kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi, gama an ba shi ikon ya ƙi amfani da shi.

Ayoyin da aka kafa wannan a kansu sanannu ne. Yahaya 1:9 ta kira Almasihu hasken da yake haskaka kowane mutum. Titus 2:11 ta ce alherin da yake kawo ceto ya bayyana domin dukan mutane. A Yahaya 6:44 Yesu ya ce ba mai zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi, wadda aya ce da mabiyan Calvin suke ƙauna, amma Metodis sukan ajiye ta kusa da Yahaya 12:32, inda ya ce zai jawo kowa da kowa. Sai 1 Timoti 2:4 da 2 Bitrus 3:9, masu cewa nufin Allah shi ne kowa ya tsira. A kan cewa ana iya ƙin alherin kuwa, akwai makokin Yesu a kan Urushalima a Matiyu 23:37, inda ya ce ya so ya tattara mutanenta su ne ba su so ba, da zargin da Istifanas ya yi wa masu shari'arsa a Ayyukan Manzanni 7:51 cewa suna yi wa Ruhu Mai Tsarki tsayayya.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ɗaya ɓangaren ma ba hannu sake ya zo ba. Babu wata aya guda da ta bayyana alheri mai rigaya yadda Wesley ya tsara shi. Tattaro shi aka yi daga wurare daban-daban, kuma masu suka sun daɗe suna cewa buƙatar tsarin ce ta haife shi. Sa'an nan ga Romawa sura 9, wadda ita ce dutsen tuntuɓe. A can Bulus ya ce an fifita Yakubu a kan Isuwa tun ba a haife su ba, an taurara zuciyar Fir'auna, kuma ya kwatanta Allah da maginin tukwane wanda yumɓu ba shi da bakin tuhumarsa. Amsar Metodis ita ce surar tana magana a kan matsayin al'ummai a cikin shirin Allah, watau dalilin da ya sa aka buɗe wa waɗanda ba Yahudawa ba ƙofa, ba a kan makomar kowane rai a lahira ba, kuma suna nuni da cewa muhawarar ta ƙare a Romawa 11:32 da maganar jinƙai ga kowa. Game da Romawa 8:29, inda sanin Allah na tun da ya zo kafin ƙaddarawarsa, Wesley ya ce Allah yana ganin dukan zamanai a lokaci ɗaya, kuma saninsa da abu ba shi ne yake sa abin ya faru ba. Wannan amsa tana da ƙarfi a kan Yakubu da Isuwa, tun da ayar da Bulus ya ɗauko daga Malakai a kan Isra'ila da Edom take. A kan Fir'auna da maginin tukwane kuwa ba ta gamsar da kowa ba har yau.

Gardamar ba ta tsaya a takarda ba. George Whitefield, abokin Wesley tun daga Oxford, wanda shi ne ma ya jawo shi ga yin wa'azi a fili ga masu haƙar kwal na kewayen Bristol a 1739, mabiyin Calvin ne. A wannan shekarar Wesley ya yi wa'azi a Bristol a kan Romawa 8:32, ya ce koyarwar ƙaddarawa ta mai da wa'azi aikin banza, tun da zaɓaɓɓe zai tsira ko bai ji ba, wanda aka bari kuma ba zai tsira ba ko ya ji, kuma ta siffanta Allah da abin da ya fi Shaiɗan mugunta. Kalmomin sun yi zafi ƙwarai. Whitefield ya roƙe shi kada ya buga wa'azin, ya buga, shi kuma ya mayar da martani a rubuce, a 1741 ƙungiyar ta rabu biyu. Daga baya mutanen biyu sun shirya, ko da yake ba wanda ya sauya ra'ayi, kuma da Whitefield ya rasu a Amurka a 1770, Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan.

A kan alheri mai baratarwa, watau gafarar da mutum yake samu sa'ad da ya ba da gaskiya, Metodis ba su kawo sabon abu ba, sai dai nauyin da suka ɗora wa Romawa 8:16, cewa mai bi yana iya sanin an karɓe shi tun yana raye. Inda suka sāke fita daban shi ne abin da ya biyo bayan gafara. Wesley ya taɓa kwatanta addini da gida: tuba ita ce zaure, bangaskiya ita ce ƙofa, tsarki shi ne cikin gidan. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana murnar an buɗe masa bai shiga ba tukuna. Filibiyawa 2:12-13 ta umurci masu bi su yi aikin cetonsu, ta kuma ce Allah ne yake aiki a cikinsu, sai Wesley ya fitar da abu biyu daga ciki: tun da Allah yana aiki, mutum yana iya yi, kuma tun da Allah yana aiki, dole mutum ya yi. Hakanan Afisawa 2:10, wadda sau da yawa akan tsaya kafin a kai gare ta, ta ce an halicci masu bi domin ayyuka nagari.

Daga nan ya kai ga koyarwar da ta fi jawo masa suka, wato kammala. Bisa ga Matiyu 5:48 ya ce mai yiwuwa ne tun a duniya zuciyar mutum ta cika da ƙaunar Allah da ta maƙwabci har zunubin ganganci ya rasa wurin zama. A littafin da ya buga a kan batun a 1766 ya gindaya sharuɗɗa da yawa: kammalallen mutum yana iya kuskure, yana iya jahiltar abu, ana iya jarabtarsa, yana kuma iya fāɗuwa. Shi kansa bai taɓa cewa ya kai wannan matsayi ba. Batun fāɗuwa ma wani wurin rabuwa ne da mabiyan Calvin, domin Wesley ya ɗauki gargaɗin Ibraniyawa 6:4-6 a kan ma'anarsa ta zahiri: alherin da ake iya ƙi a farko ana iya yar da shi a tsakiyar hanya.

Wannan tsoro na ja da baya shi ya haifi tsarin da aka san Metodis da shi. Wesley ya koyar cewa Allah ya ajiye hanyoyin da alherinsa ya saba bi, su ne addu'a, karatun Nassi, Jibin Ubangiji, azumi da zaman shawara tsakanin masu bi, ya haɗa da ciyar da mayunwata da ziyarar marasa lafiya da fursuna. Manomi ba ya sa ruwan sama ya sauko, amma yakan gyara gonarsa kafin damina. A 1742 a Bristol, don biyan bashin ɗakin taronsu, aka rarraba jama'a rukuni-rukuni na kimanin mutum 12, kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako ta hannun shugaban rukuninsa. Masu karɓar kwabon suka fara gano halin da kowa yake ciki, wane ya koma shan giya, wane yana dūkan matarsa, sai Wesley ya ga abin ya fi tara kuɗi amfani, ya mai da shi taron mako-mako inda ake tambayar kowa lafiyar ruhunsa. Wanda ya daina zuwa ba a sabunta masa tikitin zama ɗan ƙungiya, wanda ake bayarwa duk wata uku.

Imanin cewa alheri ya riga ya taɓa kowane mutum yana da sakamako a waje da ɗakin sujada. A 1774 Wesley ya buga ɗan littafi yana la'antar cinikin bayi, kuma a watan Fabrairu na 1791, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa, ya rubuta wa William Wilberforce yana ƙarfafa shi a kan yaƙin da yake yi da cinikin a majalisar dokokin Ingila. Bai kamata a ɗora wa koyarwar ita kaɗai wannan ba, gama Wilberforce yana da abokan aiki mabiyan Calvin, John Newton yana cikinsu. Amma a bakin masu wa'azin Metodis hujjar a shirye take: wanda Almasihu ya mutu dominsa, Ruhu kuma yake aiki a cikinsa, ba kayan sayarwa ba ne. Waɗansu daga cikin bayin da aka 'yanta aka sauke a Saliyo sun zama Metodis, kuma da suka fara komawa ƙasar Yarabawa su ne suka nemi a aiko musu da malami. Amsar wannan roƙo ita ce ta kawo Thomas Birch Freeman Badagry a watan Satumba na 1842, ikkilisiyar da ta tsiro daga nan kuwa ta sami cin gashin kanta daga ta Ingila a 1962.