Injin lissafi a lakwal: a sayi sari, amma a buɗe ido

Kaka ta yi, an ɗaure hatsi, an sa a rumbu. Lokacin nan ne kuɗi ke shiga hannun manoma. Lokacin nan ne kuma iyayen yara ke zama da mushe su duba abin da lakwal ke bukata: alli, kaye, bik, da zanar rufe rumfa. Wani abin da ke shiga cikin shawarar shi ne injin lissafi, wanda ƴan lakwal ke ce ma kalkilatiris. Wasu na cewa a saya. Wasu na cewa zai kashe kan yara. Kuɗin kuwa na talakawa ne, da gumi aka same su. Don haka ya kamata a san abin da za a saya, da yadda za a saye shi.

Lissafi tsohon makamin manomi ne

A 1962 aka kafa UNCC, hukumar bashi da haɗin kan manoma. A 1963 aka soma aikin yaƙi da jahilci a Nijar. A kasuwannin gujiya na ƙasar Magariya da Matamaye, manoma sun koyi karanta sikeli da rubuta kilo da hannunsu. Dalili ɗaya ne: kada a cuce su wajen awo. A wancan zamani da ka da alƙalami ake yin komi.

Injin lissafi na aljihu ya fito a farkon shekarun 1970. A 1972 kamfanin Casio na ƙasar Japan ya fitar da wani ƙarami mai sauƙin kuɗi. Cikin wata goma aka sayar da miliyan guda. A 1976 kamfanin Sharp ya fitar da mai aiki da hasken rana. Tun daga nan kuɗinshi ke ta sauka. Yau ana samun shi a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni da Yamai, yawanci ƙirar ƙasar Sin.

Salula ma tana da lissafi a ciki. Amma ba kowane ɗalibi ke da ita ba, tana son caji, kuma tana ɗauke hankalin yaro. Injin lissafi aiki ɗaya ya sani.

Wa ya kamata a saya ma?

Yaron da ke ajin CI ko CP ba ya bukatar inji. Shi da tsakuwa da kara da allo zai koyi ƙirga. Na ajin CE kuma sai ya riƙe jadawalin ninkawa da ka tukuna. Wanda aka ba inji tun bai iya tarawa da ɗebewa ba, ya zama kamar wanda aka ɗora bisa raƙumi bai san hanya ba.

Manyan ɗalibai, na CM da na kwaleji, su ne za su amfana. Su fara aikin da hannu, sannan su duba da inji ko sun yi daidai. Wajen jarrabawa kuwa, dokar hukumar ilimi ake bi, kuma mushe ne zai faɗi abin da ta yarda da shi.

Ajin karatun manya ya fi kowa bukata. Daga cikinshi ake samun magatakardan bankin cimaka, da ma'ajin ƙungiyar manoma, da mai rubuta asusun mata. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka soma a ƙasar Maraɗi a 1991, da ka suka fara riƙe lissafinsu. Idan kuɗi suka yawaita, bashi ya shiga, kai kaɗai yana gajiya. A nan inji ke rage gardama.

Wane iri za a saya?

Akwai iri biyu. Akwai na kimiyya, mai madannai barkatai, na ƴan lise. Yana da tsada, kuma ba shi da amfani ga ajin ƙauye. Akwai kuma na talaka, mai aiki huɗu: tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa. Wannan ya isa.

A nemi mai nuna lamba 8. Yana kaiwa har 99.999.999, wato kusan miliyan ɗari. Mai lamba 12 na manyan ƴan kasuwa ne. A nemi mai manyan madannai da manyan lambobi, don hannun manomi yana da kauri, idon dattijo kuma ya rage gani. A nemi mai ƙarfi biyu: ɗan farantin shan hasken rana, da ɗan pil a ciki. Kuma duka su zama iri ɗaya. In sun bambanta, mushe zai ce a danna nan, rabin aji su rasa wurin.

Amfanin sayen sari

Ɗan kasuwa yana rage kuɗi ga mai sayen dozin ko kwali. Ga misali. A ce guda ɗaya jika guda ne, wato tamma 1.000. A ce a sari an bar shi tamma 750. Aji mai ɗalibi 60 ba ya bukatar inji 60. Mutum uku na iya aiki da guda, ke nan 20 sun isa. A ƙara 4 na ajiya, sun zama dozin biyu. A ɗai-ɗai kuɗinsu tamma 24.000. A sari tamma 18.000. An tsira da jika shida, kuɗin alli da kaye. Wannan misali ne kawai. Kuɗin gaskiya sai an tambaya a kasuwa, kanti uku ko huɗu, kafin a yi ciniki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan garuruwa huɗu suka haɗa kuɗinsu, sun sayi kwali guda, sun biya kuɗin mota sau ɗaya. Amma kuɗin jama'a ba a ba mutum ɗaya shi kaɗai. Kwamitin kula da lakwal ya zaɓi mutum biyu ko uku, har da wakiliyar uwayen yara. Su karɓo takardar ciniki mai kwanan wata, da yawan kaya, da kuɗin da aka biya, da sa hannun mai kanti. Su yi sharaɗi da shi a gaban shaida: duk wanda bai yi aiki ba za a musanya. In sun dawo, a karanta takardar a gaban taro.

A gwada kafin a biya

Araha ba ta ado. A kasuwa akwai na jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Wasu farantin ranarsu ado ne kawai, babu waya a bayanshi. Ran da pil ya ƙare, injin ya mutu. Maganin abin shi ne a sayi guda ɗaya tukuna. A kwance bayanshi, a cire pil, a kai shi cikin haske. In ya kama, farantin na gaskiya ne. In bai kama ba, a nemi wani iri.

Bayan haka sai a gwada sauran ɗaya bayan ɗaya a cikin kanti. A danna lamba 8 har ta cika gilashi. Lamba 8 tana da dukan zanen da sauran lambobi ke da shi. In wani zane ya ɓace, 8 za ta koma kamar 6 ko 9 ko 0, lissafi ya ɓaci. Sannan a danna kowace lamba daga 0 zuwa 9, a ga ko akwai madannin da ke maƙalewa.

Tarko uku

Inji ba ya kuskure, amma abin da aka ba shi yake maidowa. Akwai tarko uku da mushe da malamin karatun manya za su nuna tun ranar farko.

Na farko shi ne dala. Bahaushe da dala yake ƙirga kuɗi, takarda kuwa da tamma ake rubuta ta. Dala guda tamma 5 ce. A ce tiyar hatsi dala 130, buhu kuma yana cin tiya 40. Mutum ya danna 130 sau 40, inji ya nuna 5200. Wannan dala ce, wato jika 26. Wanda ya ɗauka tamma ce zai ce jika biyar da dala arba'in. Ya yi asarar fiye da jika ashirin a buhu guda. Doka ita ce: in aka shiga da dala, da dala za a fita. Mai son tamma ya ninka sau 5. Mai son dala ya raba gida 5.

Na biyu shi ne ɗigo. A takarda ana rubuta 26.000 da ɗigo don a raba dubbai. A inji ɗigo ba wannan aiki yake ba. Shi ne a madadin waƙafin da ake koya a lakwal, kamar kilo 2,5. Wanda ya danna 26, ya sa ɗigo, ya ƙara sifiri uku, tamma 26 kawai ya rubuta. Dubbai a jere ake danna su, babu ɗigo.

Na uku shi ne haɗa ciniki biyu. A ce mace ta sayi tiya 3 ta hatsi, kowace tamma 600, da tiya 2 ta wake, kowace tamma 800. Kuɗin duka tamma 3.400 ne. Amma in aka danna komi a jere, 3 sau 600 a tara 2 sau 800, injin talaka zai nuna 1441600. Dalili kuwa, yana bin abin da aka danna ɗaya bayan ɗaya. Hanyar daidai ita ce a yi na hatsi, a danna M+, inji ya ajiye. A yi na wake, a sake danna M+. Sannan a danna MR, ko MRC a wasu injuna, jimla ta fito. In an gama a goge ajiyar, kada ta shiga lissafi na gaba.

Wanda ya iya ƙiyasi da ka zai gane nan take cewa tiya biyar ba ta kai miliyan. Wanda bai iya ba, sai ya gaskata inji. Shi ya sa ba a barin lissafin ka. Kowane darasi ya fara da shi. Kafin ɗalibi ya danna, ya faɗi wajen nawa yake tsammani.

Ajiya

Kayan jama'a sai da mai kula. A rubuta lamba a bayan kowane inji, daga 1 zuwa 24, da sunan gari. A sa su cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo. A ƙirga su wajen rabawa, a ƙirga wajen karɓa. Da rana yara su yi aiki da su, da marece ajin manya, amma mutum ɗaya ke riƙe da makulli da littafin ajiya.

Zafi, ƙura da ruwa su ne abokan gaban inji. Haske yake so, ba zafin rana ba. In aka bar shi a rana gilashinshi yana baƙi. Lokacin hunturu a sa shi cikin leda saboda ƙura. Da damina a ɗaga akwati daga ƙasa. Ɗan pil ɗin nan mai kama da maɓallin riga yana da haɗari ƙwarai. In yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro, sai a kai shi likita nan da nan. Wanda ya ƙare kada a yar da shi inda yara ko awaki ke kaiwa.

Garin da ya bi waɗannan shawarwari, kuɗinshi ba za su tafi banza ba. Yaro zai duba aikinshi da kanshi. Magatakarda zai karanta lissafin banki a gaban jama'a ba da fargaba ba. Manomi da makiyayi kuma za su shiga kasuwa sun san kuɗin buhunsu da na bisashensu kafin dillali ya buɗe baki.