Tsohon Gem Ɗin Ƙwallo Na 'Yan Shida-Shida: Shin Da Gaske Burazil Ta Fi Sauran Ƙarfi?

Ranar Lahadin da ta wuce saura kaɗan a ba hammata iska a rumfarmu da ke bayan kara a Agege, kuma wai duk a kan gem. Wani ƙanin abokina ne ya sayo irin ƙaramar na'urar nan ta da, wadda ake jona wa talbijin da waya mai kai ja da fari da ruwan ɗorawa. Ana kunnawa sai ga wasan ƙwallon da muka tashi da shi. Nan take yara biyu suka kama rigima kan wanda zai ɗauki Burazil, har ɗaya ya ajiye dubu biyu ya ce ko waye ya riƙe Burazil shi zai ci. Aka ba shi Burazil, aka lallasa shi uku da nema, kuɗi suka tafi, ya ce an yi masa coge. Ni dai dariya ta kama ni, don irin wannan faɗan mun yi shi da Yayana shekaru goma sha da suka wuce. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani a kai.

Sunan wasan Soccer kawai, ba ƙari. Kamfanin Nintendo na Japan ne ya fitar da shi a 1985, don na'urarsa mai suna Famicom wadda ta fito a 1983. Ita ce aka sauya wa fasali aka kai Amurka da sunan NES. Wadda ta iso gidajenmu ba ta asali ba ce, kwaikwayo ce da ake ƙerawa a Taiwan da Chaina, da kaset mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa lambar tara a jere har sau shida ko bakwai, wai yawan wasannin da ke ciki ke nan. Tamu Baba ne ya shigo da ita wata shekara bayan Babbar Sallah, da ciniki ya yi kyau. Ya ajiye ya ce, "Ga shi nan, amma duk ranar da na ji an kira sallah kuna kansa, a rijiya zai kwana."

Ƙasashe bakwai ne a ciki: Amurka, Birtaniya, Faransa, Jamus ta Yamma, Burazil, Japan da Sifaniya. To ga maganar da ta jawo asarar dubu biyu: duk ƙarfinsu ɗaya. Bambancin launin riga ne kawai. Babu wanda ya fi wani gudu, babu mai bugun da ya fi na wani zafi, 'yan wasan ma ko suna ba su da shi sai lamba da ke bayyana a kan wanda kake juyawa. Abin da ke sauya wahalar wasa shi ne matakin ƙwarewa da ake zaɓa kafin a fara, daga 1 zuwa 5. Yaran yanzu sun saba da FIFA da PES inda kowane ɗan wasa ke da makinsa, shi ya sa suke ɗauka nan ma haka ne. Mu ma da haka muka ɗauka. Yayana ya shekara yana ƙwace Burazil yana bar mini Japan, yana cina, ni kuma ina kuka ina cewa ƙasar ce. Ashe hannu ne ya fi ni.

Za ka zaɓi tsawon rabin lokaci, minti 15 ko 30 ko 45, amma agogon gem ne, gudu yake ba irin na bango ba. Akwai jifa, akwai kwana, akwai bugun gola. Babu keta, babu kati. Abin mamaki kuma akwai satar gida, kuma alƙalin ba ya ɗaga ƙafa. In an tafi hutu sai wasu 'yan mata su fito tsakiyar fili suna rawa, lokacin ne muke rige-rigen zuwa randa. In aka tashi kunnen doki sai fenariti.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaure mini kai tun ina yaro: me ya sa mutum shida-shida, biyar da gola, maimakon sha ɗaya? Sai da na girma na gane ba ganin dama ba ne, ƙarfin na'urar ne iyakarsa ke nan.

Duk abin da ke motsi a allon, ɗan wasa ne ko ƙwallo, an haɗa shi ne da wasu 'yan ƙananan gutsattsarin hoto, kowanne faɗinsa ɗigo takwas. Na'urar ba ta iya riƙe fiye da gutsure 64 a lokaci guda. Ɗan wasa ɗaya kuwa ba ya fita da gutsure ɗaya, sai an jera wasu an ɗora wasu. A ce kowane mutum ya ci huɗu. Mutum 22 sun ci 88 ke nan, an zarce tun ba a sa ƙwallo ba. Amma mutum 12 sun tsaya a 48, ka ga an samu sararin ƙwallo da lamba da kibiyar saiti. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen lodin shanu ya san wannan lissafin. Tirela tana da iyakarta, in kana son manya su isa kudu a tsaye dole ka rage kai.

Akwai doka ta biyu da ta fi wannan tsanani. A layi ɗaya na kwance, daga hagu zuwa dama, gutsure takwas kawai take iya nunawa. In faɗin ɗan wasa gutsure biyu ne, mutum huɗu sun cika layi. Na biyar yana shigowa sai wani abu ya ɓace. Dabarar da masu haɗa wasannin wannan na'ura suka yi ita ce su riƙa ba gutsattsarin layi bi da bi cikin sauri, wannan ya fito yanzu, wancan ya fito bayan ƙiftawar ido. Wannan ne walwalin da ake gani in an cunkushe wuri guda. Mu a lokacin cewa muke kaset ne ya yi datti, sai a zare a hura masa iska a mayar. Wallahi mun hura iskar banza ba kaɗan ba.

Sauran kayan cikin ma haka suke. Ma'ajiyar aikin na'urar kilobait 2 ce kacal, wasan gaba ɗayansa kuma bai wuce kilobait 40 ba. Hoto ɗaya da za ka ɗauki bijimi ka tura wa mai saye ta WhatsApp ya fi shi nauyi. A wannan ɗan wurin aka cusa fili da kiɗa da dokar satar gida da kuma 'yar dabarar da sauran 'yan wasan ke bi suna motsi da kansu. Ina za a samu wurin rubuta cewa wane ya fi wane gudu?

Wani ya tambaye ni a rumfa me ya sa babu Najeriya. Babu wata ƙasar Afirka ma a ciki. A 1985 ba mu taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ta manya ba, sai 1994 muka fara. Amma abin da ke ba ni daɗi, a wannan shekarar ta 1985 ɗin ce yaranmu 'yan ƙasa da shekara 16 suka ɗauko kofin duniya a Chaina, suka doke Jamus ta Yamma biyu da nema a wasan ƙarshe. Tun da na san haka, in zan buga da kwamfuta Jamus nake sa mata.

Ga masu niyyar saya wa yara kuwa, kada lambar jikin kwali ta ruɗe ku. Wasannin ba su kai ko kusa ba, 'yan kaɗan ne ake maimaitawa da sabon suna, ko a fara maka daga wani mataki daban. Tamu ta gida da muka zauna muka ƙirga ba ta cika ashirin ba. Ka sa mai shago ya kunna a gabanka, ka gangara jerin da kanka, ka gwada hannayen gem ɗin duka biyu, don maɓallansu ne ke fara mutuwa. Ka duba ko talbijin ɗinka na da ramin wayoyin nan masu launi. Bindigar harbin agwagwa da ke zuwa da wasu kuma ba ta aiki a talbijin na bango, sai mai ƙeya, kada a caje ka kuɗinta a banza.

Shi kuwa mai dubu biyu, dattawan rumfa sun sa an mayar masa da kuɗinsa, aka kuma yi musu faɗa kan caca. Da yamma na ba shi Burazil na ɗauki Japan, na nuna masa yadda ake saita kibiyar raga kafin a buga. Mun tashi huɗu da ɗaya. Ya ce a sake, amma a musanya hannu, wai nawa ya fi laushi.