Ko Kun Sani? Sinadarin Gado Ma Yana Lissafi

A shekarar 1994, Leonard Adleman, malami a Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Amurka, ya warware wata matsalar lissafi a cikin kwalbar gwaji. Maimakon kwamfuta, ya yi aiki da zaren DNA, sinadarin gadon da ke jikin mutum da dabba da tsiro.

Matsalar irin ta ɗan kasuwa ce mai bin kasuwanni: ga garuruwa 7, a ce Sarkin Yamma da Maradi da Madarunfa da maƙwabtansu, wace hanya zai bi ya ratsa kowanne sau ɗaya tak? Adleman ya ware wa kowane gari da kowace hanya guntun zare. Harufan DNA huɗu ne: A na kama T, C na kama G. Don haka guntayen suka riƙa mannewa da junansu, suka fitar da hanyoyi barkatai a lokaci guda. Tace sahihiyar amsa daga cikinsu ya ci masa kusan mako.

A 2002 kuma, shi da abokan aikinsa suka zaƙulo amsa guda daga cikin sama da miliyan 1, duk da DNA.