Kame Bakin Yaro Kafin A Yi Masa Aikin Tiyata

Ya ku iyaye, duk lokacin da likita ya sa ranar da za a yi wa yaro aiki, za a umarce ku da ku hana shi ci da sha na wasu awoyi. Wannan doka ce da aka kafa domin tsare ransa, kuma ku ne masu tsaronta.

Dalilin Wannan Doka

A cikin maƙogwaron mutum hanya biyu ce, ɗaya ta abinci mai zuwa ciki, ɗaya ta iska mai zuwa huhu. Idan mutum yana farke, jikinsa da kansa yake rufe hanyar iska yayin haɗiya, in kuwa wani abu ya kuskure ya shiga, sai ya ƙware, ya yi tari ya fitar da shi. Maganin barcin da ake bayarwa kafin aiki yakan kwantar da wannan tsaro. Saboda haka in akwai abinci a ciki, yana iya tasowa ya gangara cikin huhu, yaro kuwa ba shi da ikon yin tari. Loma tana iya toshe numfashi nan take, ruwan tsamin ciki kuma yana ƙona huhu. Wani likita a Amurka, Curtis Mendelson, shi ne ya bayyana wannan haɗari dalla-dalla a shekarar 1946.

Awoyin Da Aka Ƙayyade

Ana ƙirga awoyin ne baya daga lokacin da za a sa yaro barci:

1. Awa 8: nama, soye-soye irin su ƙosai, da duk abinci mai maiƙo.
2. Awa 6: abinci marar nauyi, da madarar gwangwani ko ta shanu. Koko, kunu, fura da shayi mai madara duk abinci ne, ko da an sirka su da ruwa.
3. Awa 4: nonon uwa.
4. Awa 2: ruwa zalla, ko ruwan sukari wanda ido yake hango ƙasan kofi ta cikinsa.

Alal misali, idan aikin ƙarfe 9 na safe ne, yaro ya ci tuwon darensa kamar kullum, jariri ya sha nono na ƙarshe kafin ƙarfe 5 na asuba, a ba da ruwa na ƙarshe kafin ƙarfe 7. Tun daga shekarar 2018 ƙungiyoyin likitocin barcin yara na Turai suka amince a ba yaro ruwa zalla har saura awa 1. Amma ku bi abin da asibitinku ya faɗa, ku roƙa a rubuta muku lokutan a takarda.

Wuce Gona Da Iri Shi Ma Illa Ne

A dā akan ce daga tsakar dare kada kome ya shiga bakin majiyyaci. Yanzu an gane cewa wannan ya yi wa yara tsawo. Yaron da ya daɗe bai sha ruwa ba jikinsa yakan bushe, sukarin jininsa ya ragu, ya yi ta kuka, jijiyarsa kuma ta yi wuyar samu wajen sa allura. Haɗarin ya fi yawa ga jarirai da masu ciwon sikila. Idan aka jinkirta aiki, ku tambayi ma'aikatan jinya ko za a iya ba shi ruwa.

Abin Da Ya Wajaba A Kanku

Ku sanar da kowa a gida, har kaka da yayye, domin mai tausayi ne yakan miƙa wa yaro biskit a ɓoye. Ku ɗauke abinci daga gabansa, kada ku ci yana kallo.

Idan yana shan magani kullum, kamar na farfaɗiya, asma ko ciwon sukari, ku tambayi likita yadda za a yi a ranar. Jiƙo ko wani maganin gargajiya, kada a ba shi sai da sanin likita.

Idan aka yi kuskure yaro ya ci wani abu, ko da kaɗan ne, ku faɗi gaskiya. Iyakarta a ɗaga aikin zuwa wasu awoyi ko wata rana. Wanda ya ɓoye don gudun faɗa ko asarar kuɗin mota, ya sa ran ɗansa cikin haɗari.

In aikin gaggawa ne, kamar bayan haɗarin mota ko karaya, kada ku ba shi kome a hanya. Ku faɗa wa likita abin da ya ci na ƙarshe da lokacin da ya ci, gama akwai dabarar da ake bi a tsare huhunsa.

Bayan an gama aiki, ku jira izinin ma'aikatan jinya kafin ku ba shi ruwa ko nono. Ku tuna, rigakafi ya fi magani.