Sabuwar Shekara Ga Wanda Ya Yi Asara: Ta Ina Za A Fara?

   

'Yan uwa Musulmi, shekarar 1447 bayan Hijira ta kama a ƙarshen watan Yunin 2025, daidai lokacin da manoma ke shuka. Amma da yawa a cikinmu, in suka ga hadari ya haɗo, gabansu faɗuwa yake yi, saboda abin da daminar 2024 ta bari. Ambaliyar 2024 ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a Nijar, an rasa ɗaruruwan rayuka. Jihar Maradi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, a Damagaram kuma har tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, sai da ya rushe. 'Yan uwanmu na Maiduguri da Chadi da arewacin Kamaru su ma ruwan bai ƙyale su ba. Wasu kuma jarrabawarsu ta zo ta wata hanyar: gobarar kasuwa, ko rashin tsaro da ya raba su da garuruwansu, ko doguwar jinya, ko rasuwar mai riƙe da gida.

Kwanakin baya wani bawan Allah mai sayar da hatsi ya tsaya bayan sallar asuba har jama'a suka watse. Ɗakunansa biyu sun faɗi, buhunan geron da ya karɓo bashi sun jiƙe sun ruɓe. Ya ce mana: "Akaramakallahu, haƙuri kam na yi, kuma na yarda da ƙaddara. Abin da ban sani ba shi ne ta ina zan fara." Tambayarsa tana cikin zukatan mutane da dama, shi ya sa muka ga ya dace mu faɗaɗa amsar a nan.

Shin tsara shekara ya saɓa wa tawakkali?

Akwai masu ganin wanda ya zauna ya tsara abin da zai yi a shekara yana da dogon buri, tunda bai san ko zai kai gobe ba. Dogon burin da malamai suka zarga shi ne wanda ke sa mutum ya manta da mutuwa, ya riƙa jinkirta tuba. Shiri daban yake. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda, alhali babu wanda ya kai shi dogaro ga Allah. Annabi Yusuf (AS) ya tsara wa mutanen Masar noman shekara bakwai, ya ce a bar hatsi cikin zangarniyarsa, a ci kaɗan, domin shekaru bakwai na fari da ke tafe. Sharaɗin da Suratul Kahfi ta gindaya mana shi ne mu jingina abin da muke nufin yi ga ganin damar Allah, mu ce in Allah Ya so. Ka ɗaura niyya, ka yi ƙoƙari, ka bar wa Allah sakamako. Wannan shi ne tawakkali.

Darasi daga Hijira

Kalandarmu kanta tana tunatar da mu mutanen da suka sake farawa daga tushe. A zamanin halifancin Umar ɗan Haɗɗabi (RA) sahabbai suka zaɓi a fara ƙirga shekaru daga Hijira, shekarar da Muhajirai suka baro gidajensu da dukiyoyinsu a Makka. Cikinsu akwai Abdurrahman ɗan Aufu (RA), wanda aka ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u (RA). Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ribarsa ta farko ɗan cuku ne da man shanu. Mutumin da daga baya ayarin raƙumansa ke shigowa Madina, da wannan ɗan abin ya fara.

Abin lura shi ne bai tsaya jiran jarin da ya dace da tsohon matsayinsa ba. A nan da yawanmu ke tuntuɓe. Wanda ya saba da shago yana jin nauyin a gan shi da tebur, wanda ya saba da buhu yana jin kunyar awon tiya. Sai shekara ta fita yana jira, ɗan abin da ya rage ma ya tafi a cefane.

Fara da lissafin abin da ya rage

Zuciyar wanda ya yi asara takan tsaya a kan abin da ya tafi. Baƙin ciki ba laifi ba ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Amma shirin shekara yana farawa ne da ƙirga abin da ke hannu. Ka samu takarda, ko ka sa ɗanka ɗan makaranta ya rubuta maka, da ajami ko da boko. A gefe guda a sa abin da ya rage: lafiya, sana'ar hannu, gona, 'yan awaki, masu sayen da suka san ka, amanar da kake da ita a kasuwa. A ɗaya gefen a sa abin da ke kanka, da sunan kowane mai bashi da adadinsa. Bashin da ba a ƙirga ba yakan fi girma a zuciya, ya hana barci.

Me za a gabatar?

Shekara guda ba za ta mayar da abin da aka tara a shekara ashirin ba, kuma ba a tauna taura biyu. Muna ba da shawarar mutum ya taƙaita a kan abubuwa huɗu, bisa wannan jeri.

Na farko, farillai. Wahala takan tarwatsa tsarin ranar mutum, sallah ta riƙa kuɓucewa daga lokacinta. Ka mayar da salloli biyar mazauninsu, musamman asuba cikin jam'i. Wanda ranarsa ta fara da lokaci tabbatacce, sauran ayyukansa sukan samu wurin zama.

Na biyu, hanyar samun abincin iyali, komai ƙanƙantarta. Ciyar da su wajibi ne, kuma daga nan ne za a samu abin biyan bashi. Kada ka ci sabon bashi mai ruwa don ka farfaɗo da jari. Riba haramun ce, kuma rami ake ƙara wa zurfi.

Na uku, bashi. Kada ka ɓuya wa mai binka, domin ɓuya ita ke mayar da uzuri ya zama rashin amana. Ka je da ƙafarka tare da dattijo guda, ka faɗi halin da kake ciki, ku yanka abin da za ka riƙa biya a wata, a rubuta, a sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Aya ta 280 kuma ta umurci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta nuna masa yafewa ta fi alheri.

Na huɗu, matsuguni. Ɗaki ɗaya mai ƙwari ya fi uku da za su sake faɗuwa. In gidanka kan hanyar ruwa yake, ko cikin kwari, ka nemi shawarar magina da hukumar gari kafin ka sake aza tubali a wurin. In hali ya yi, a yi harsashi da dutse ko siminti, a ɗaga shi sama, a gyara indararo da magudanar ruwa tun ruwa bai yi ƙarfi ba.

A sa adadi, a sa lokaci

"Bana zan yi ƙoƙari" fata ce kawai. Niyyar da za a iya bibiya ita ce mai adadi da lokaci. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355. Wanda ya ajiye dala ashirin, wato sefa 100, kowace rana, zai samu sama da jika 35 kafin wata Muharram. Ba za ta gina gida ba, amma tana iya sayen iri, ko ta rage bashi. Ɗalibin da gudun hijira ko jinya ta yanke wa karatu, in ya riƙe sumuni ɗaya a mako, zai haddace izu shida da ɗoriya a shekara. Hadisin Nana A'isha (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Da yayyafi kogi kan cika.

Sannan ka samu wanda zai riƙa tambayarka: matarka, ko amininka, ko limamin unguwa. Duk ranar da aka ga sabon wata, ku duba takardar tare. In wata ya wuce ba ka cika ba, kada ka yage ta. Ka rage adadin zuwa abin da za ka iya, ka ci gaba.

Neman taimako da haƙƙin jama'a

Wasu mutunci yana hana su buɗe baki har yunwa ta shiga gida. Su sani shari'a ta ba su dama. A hadisin Ƙabisa (RA) da ke Sahihu Muslim, cikin mutum uku da aka halatta wa roƙo akwai wanda bala'i ya cinye dukiyarsa, har zuwa lokacin da zai samu abin tsayawa da ƙafarsa, daga nan sai ya kame. Masu bashi kuma suna cikin kashi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa.

Mu da Allah Ya kuɓutar, mu ma mu sa wannan cikin shirinmu na bana. Kwamitin kowane masallaci ya san gidajen da suka yi asara a unguwarsa. Maimakon a yayyafa zakka ga mutum hamsin ta ƙare a cefanen kwana biyu, a duba yiwuwar ba wa kaɗan abin da zai zama jari: keken ɗinki, ko amalanke, ko tunkiyar kiwo. Matasa su raya gayya, a buga wa gwauruwa da tsoho tubali. A riƙa saye a wurin wanda ya sake kafa tebur, a biya shi hannu da hannu.

Shi kuwa mai hatsin nan, bayan mun rubuta lissafinsa tare, mun raka shi wurin wanda ya ba shi kaya. An yi magana ta dattako, aka raba masa biyan wata-wata. Yanzu yana awon tiya a bakin kasuwa, ɗaki guda ya tashi, na biyun yana jiran bayan girbi. Bashin bai ƙare ba, amma ya san nawa ya rage, ya kuma daina sauya hanya in ya hango mai binsa.

Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu ga ƙarshen wannan shekara cikin imani da lafiya.