Yadda Rediyo da Kaset Suka Ɗaukaka Malamai

A da, mai neman ilimi a ƙasar Hausa sai ya tashi takanas ya je zauren malam, ya durƙusa, ya buɗe littafi. Kwarjinin malami yana tafe ne da salsalar malamansa, da yawan almajiransa, da labarin da fatake ke kaiwa gari-gari.

Rediyo ya zo ya sauya wannan tsari. A ƙarshen shekarun 1960 gidan rediyon Kaduna ya soma watsa tafsirin da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ke yi a Masallacin Sultan Bello. Da azumi, magidanta kan kewaye akwatin rediyo ɗaya a kan tabarma. Alaramma ya ja aya, Malam ya warware ta da Hausa mai sauƙi. Matan kulle da ba su taɓa taka zauren karatu ba suna ji daga tsakar gida. Mutumin Gusau ko na Maraɗi ya saba da muryar har ya riƙa kafa hujja da "Malam ya ce", alhali bai taɓa ganinsa ido da ido ba. Sukar da Gumi ya riƙa yi wa ɗariƙu ta wannan kafa na cikin abubuwan da suka share fagen kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978.

Malaman ɗariƙa ba su zuba ido ba. Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi na Tijjaniyya ya shigo rediyon Kaduna da nasa tafsirin, a Kano kuma ana sauraron Sheikh Nasiru Kabara na Ƙadiriyya. Daga nan zaɓi ya koma hannun mai sauraro. Fasaha, zaƙin murya da iya mayar da martani suka shiga cikin ma'aunin da jama'a ke auna malami da shi.

Kaset ya ƙara faɗaɗa abin, domin ba ya jiran izinin shugaban gidan rediyo. A wancan lokaci, a tashar mota da bakin masallacin Juma'a ana kwafa ana sayarwa, direbobi na sakawa a doguwar tafiya. Ta haka tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam na Masallacin Indimi da ke Maiduguri ya zaga Arewa. An kashe shi a Kano a watan Afrilun 2007, amma matasa da yawa da ba su riske shi ba sun ɗauke shi malaminsu, suna tura wa juna karatunsa ta WhatsApp, suna kafa hujja da shi a muhawarar Facebook.